Tsohuwar 'yar tarakta a garejin mahaifi: a sayar ko a tada ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata 'yar ƙaramar tarakta a garejin gidanmu da ke Samaru. Koriya ce, wilinta ruwan ɗorawa, an rubuta John Deere 110 a jikinta, injin kuma Kohler. Ya saye ta ne wajen wani Bature malamin jami'a da zai koma ƙasarsu. Ta fi shekara 20 ba a tada ta ba. 'Yan gwangwan sun taya, ƙannena suna so a sayar, ni kuwa ina sha'awar in gyara ta da hannuna a ranakun hutu. Wani makanike ya ce a cire injin a ɗora na niƙa, a fesa mata fenti, shi ke nan. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kada kuma ka bari a cire injin nan yanzu. Tun da kayan gado ne, ka zauna da ƙannenka a yi mata kuɗi, ka biya kowa rabonsa ta zama taka kai kaɗai, don aikin da za ka shiga zai ɗauki watanni, ba ya son ana yi ana tsegumi. Farashin da ɗan gwangwan ya taya na nauyin ƙarfe ne kawai, saboda haka fansarta ba za ta yi maka wuya ba.

Bari in gaya maka abin da ke hannunka. Kamfanin John Deere ya fara fitar da 110 a 1963 daga masana'antarsa ta Horicon a jihar Wisconsin ta Amurka, ita ce ƙaramar tarakta ta farko da suka yi don aikin lambu da yankan ciyawa. Ta shekarar farko injinta Kohler K161 ne mai ƙarfin doki 7, daga 1964 suka koma K181 mai doki 8. Duba madigadin baya: idan zagayayye ne, guda biyu kowace taya da nata, to ta tsakanin 1963 da 1967 ce, idan faranti ɗaya ne shimfiɗaɗɗe mai kusurwa wanda kujera ke zaune a kai, daga 1968 ne zuwa 1974 da aka daina yin ta. A zamanin ne International Harvester ke yin Cub Cadet, Wheel Horse kuma ke yin jajayen nata, kusan duk da injin Kohler iri ɗaya. A can Amurka akwai masu tara su suna gyarawa don sha'awa, shi ya sa har yau ake ƙera fistin da ringi da kwantak na wannan injin. Irin su sun shigo Zariya ne ta hannun ma'aikatan jami'a da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, masu manyan gidaje da filin ciyawa, kuma kaɗan ne suka tsira daga guduma. Ni da idona na ga wata Wheel Horse an daddatsa ta da wuta an loda a kura a Tudun Wada, na iso bayan an gama, ko farantin lambarta ban samu ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Da farko kada ka taɓa sifana. Ka turo ta waje inda haske yake, ka share ƙura da burushi, ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare da wayarka: yadda bel ya bi ta kan fuli, inda kowace waya ta shiga, yadda sifirin ɗin gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, ya maƙale da ramin da ya shiga. Bayan wata uku ba za ka tuna ba, hoton ne zai tuna maka. Akwai ƙaramin faranti a jikin murfin injin mai lambobi uku, na samfuri da na tsari da na jeri, akwai wani kuma na taraktar kanta a ƙasan sitiyari. Ka rubuta su a littafi. Da su za ka nemo littafin gyaran injin Kohler na jerin K, ana samunsa kyauta a intanet, John Deere ma suna da kundin kayan gyara mai zane a shafinsu. Ka kai a buga maka su a takarda, don waya da hannu mai baƙin mai ba sa shiri. Sannan ka bincike garejin kaf. Duk wani ƙarfe da ba ka gane ba, duk tsohon bel da ya tsinke, ka tara a buhu. Tsohon bel shi ne ma'aunin sabo.

Abu na biyu, wanda ya fi kashe irin waɗannan injina a garinmu: notinta duka na inci ne, ba na milimita ba. Makanikanmu sun saba da kayan Japan da na Faransa, sai su ɗora sifana 13 a kan noti mai rabin inci. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifanar za ta shiga amma da ɗan lilo, idan notin ya yi tsatsa sai ta cinye kansa ya zama kamar gujiya. Daga nan sai cizal da guduma, daga nan sai a tura noti na milimita cikin zaren inci a ɓata ramin. Ka nemi sifanu da soket na inci, 7/16 da 1/2 da 9/16 su ne za su yi maka yawancin aikin. Wajen masu tsofaffin kayan aiki a Sabon Gari ana dacewa da su, idan ba a samu ba Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kowane noti ka kwance, ka sa shi a leda ka rubuta inda ya fito. Ko ɗaya kada ka yar.

Yanzu injin, a nan zan daɗe. Kada ka haɗa batir ka murza makulli don ka ji ko za ta tashi. Na san zuciya tana so, amma injin da ya yi shekara 20 a tsaye bangon silindarsa a bushe yake, kuma juyi goma a bushe ya isa ya kankare shi. Fara da kwance notin ƙasa ka tsiyaye baƙin mai a cikin farin kwano mai tsabta. Ka lura da abin da ya fara fita. Idan ruwa ne, damina ta shiga ta salansa ko ta kafireta. Ka kai kwanon rana ka juya shi: idan ka ga ƙyalli kamar garin azurfa, ƙarfe ya ci ƙarfe a ciki, sai an buɗe. Idan baƙi ne kawai mai kauri, ka gode wa Allah. Daga nan ka cire fulogi, ka zuba cokali uku ko huɗu na kananzir haɗe da man giya na mota mai otomatik, ka toshe ramin da tsumma, ka bar shi. Bayan kwana uku ka kama filawil, wato babban faifan ƙarfe mai fukafukai da ke gefen injin, da tafin hannu biyu ka ɗan motsa shi gaba, ka dawo baya. Idan ya ƙi, ƙara zubawa ka sake ba shi mako. Na taɓa jiran wani injin Kohler na famfon ban ruwa kwana 19, kullum bayan la'asar in je in taɓa shi, ranar da ya saki sai na ji ɗan motsi kamar na ƙofar da ta daɗe a rufe, faɗin yatsa ɗaya kawai, washegari ya zagaya gaba ɗaya. Kada ka sa ƙarfe tsakanin fukafukan filawil ka banƙara, na zubi ne, karyewa suke yi, kuma filawil da ya rasa fiffike ɗaya ya rasa daidaito. Kada kuma a ɗaura ta a mota a ja ta cikin giya.

Ka cire murfin da ya rufe filawil ɗin. Wannan injin iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba, kuma na yi imani za ka tarar da gidan zanzaro da sheƙar ɓera cunkushe tsakanin haƙarƙarin silinda. Idan ba a share ba, injin zai tashi lafiya, ya yi minti 20, ya yi zafi ya kama. Waya da burushi sun isa.

Kan silindar faranti ne kawai, bawul biyu suna gefe a cikin bulok, saboda haka cire shi ba wuya. Ka cire ka leƙa. Yawanci za ka ga bawul ɗin hayaƙi ya maƙale a buɗe saboda tsatsa. Kananzir da ɗan bugu a hankali da katako yana sakinsa. Ka kankare gawayin kan fistin, ka sa farce a bangon silinda. Layin da farce bai kama ba, goge shi da sabon ringi sun wadatar. Wanda farce ya kama, sai an kai wa masu boring su faɗaɗa, kuma ana samun fistin mai ƙarin 0.010 da 0.020 da 0.030 na inci. Ka sayi fistin ɗin tukuna ka kai musu shi a hannu su auna, kada a faɗaɗa rami sannan a shiga neman abin da zai cika shi. Wani abu da ke ruɗa makanikai: yawancin waɗannan injina daga tsakiyar shekarun 1960 suna da wata dabara a jikin kamshaf da ke ɗan ɗaga bawul lokacin tayarwa don injin ya juya da sauƙi. Saboda haka idan aka sa gejin kwamfireshan zai nuna ƙasa, sai a ce maka injin ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ka sani kuma K181 ba shi da famfon mai, ba shi da filtar mai. Wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, yake ɗibar man yana watsawa. Kwanrod ɗin na alminiyam ne, kai tsaye yake zaune a kan karanshaf ba metal a tsakani, kuma ramin man da ke jikinsa dole ya fuskanci kamshaf idan an zo mayarwa. A juya shi, injin ya ƙone cikin awa guda. Man da yake sha bai fi lita 1.2 ba, SAE 30 ko abin da ya yi kusa da shi a kauri, ana canzawa duk awa 25 na aiki. Ni a ƙurar hunturun Zariya ba na bari ya kai haka. Duba gejin mai kafin kowace tayarwa ya zame maka kamar alwala kafin salla.

Wuta kuma ta kwantak ce da koyil da kondensa. Kwantak ɗin yana cikin wani ƙaramin murfi a gefen bulok. Ka goge bakinsa da lallausan samfefa, ka zare farar takarda a tsakani har ta fito fes, ka saita buɗewarsa a 0.020 na inci, wato rabin milimita. Bakin fulogi 0.025, kusan milimita 0.6. Kondensa tana haɗuwa da ɓangaren koyil mai alamar ragi, tare da wayar kwantak. Idan koyil ya mutu, kada a ɗauko na kowace mota a ɗaura. Wanda ke buƙatar rizisto a waje zai ƙone maka kwantak cikin kwanaki. Na Volkswagen Beetle mai bolt 12 yana yi. Kuma kada ka bar makulli a kunne injin yana tsaye, koyil ɗin dahuwa yake yi. Idan taka mai zagayayyen madigadi ce, za ka ga wani abu kamar daynamo a gefe da bel: shi ne sitata, shi ne kuma mai cajin batir. Yaran riwaya na yanzu ba su san shi ba. Ka nemi dattijo wanda ya yi zamani da daynamon tsofaffin Land Rover da Peugeot 404, zai canza masa gawayi da boris ya ba ka.

Kafireta ka kwance ta a kan tire, ka jiƙa a fetur, ka busa kowace ƙofa. Kafin ka cire allurai biyu na saiti, ka murza kowace a hankali har ta zauna kana ƙirga juyi, ka rubuta, don ka mayar yadda take. Abin da ke lalacewa shi ne sandar maƙura: idan tana lilo a raminta, iska da ƙura suna shiga ta nan, injin ya riƙa hawa da sauka. Mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, zai yi maka ɗan bushin na tagulla. Akwai sababbin kafiretoci 'yan China masu arha, za ka iya ɗaurawa ka yi aiki, amma ta asalin ka nannaɗe ta a tsumma mai mai ka ajiye. Tanki kuwa ka zuba tsakuwa da kananzir ka girgiza har tsatsar ta zube. Kada mai walda ya kusance shi da wuta ko da an wanke.

Wajen wa za ka nemi taimako idan ka maƙale? Ba wajen makaniken manyan taraktoci ba. Su gwanaye ne a kan Massey Ferguson da injin Perkins, da Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da Fiat ta Kano, duk na gas ne. Taka ta fi kusa da tsohon janareta ko famfon ban ruwa na fetur. Tsohon mai gyaran janareta wanda ya san kwantak, shi ne mutuminka, kuma ka zauna a gabansa yana yi.

Sauran jikin ba shi da wahala sosai. Giyabos ɗin baya ka tsiyaye, ka wanke da gas, ka zuba man giya. Da wuya su lalace. Akwai wani fuli mai motsi a tsakiya da liba a gefe wanda ke ƙara gudu ko ragewa ba tare da canza giya ba. Yakan daskare, a tsabtace shi har faifan tsakiya ya riƙa zamewa da yatsa, kuma bel ɗinsa biyu sai masu daidai tsawo da faɗi, in ba haka ba libar ba za ta yi aiki ba. Taya kuwa ka karanta abin da ke jiki. Idan ta gaba 4.00-8 ce, ta Keke Napep tana shiga, mai faci na bakin titi zai ɗaura maka. Idan ta baya 6-12 ce, ka tambayi masu sayar da tayar ƙaramin injin huɗa na hannu da ake aikin shinkafa da shi.

Tsatsa akwai hanyar cire ta ba da wahalar gurza ba. Ka sami robar wanka babba, ka cika da ruwa, ka narka kanwa a ciki. Ka rataya ƙarfen da ya yi tsatsa a tsakiya, ka jingina guntayen rodi a gefe ba tare da sun taɓa shi ba. Baƙar wayar cajar batir a jikin kayanka, ja a jikin rodi. Da safe za ka ga ruwan ya yi kumfa ja, tsatsar ta koma kan rodi, burushi kawai za ka bi da shi. A fili ake yi don iskar da ke fita tana kama wuta, kada a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, kada kuma a sa alminiyam ko kafireta a ciki. Da ka fitar ka busar, ka shafa jan fenti na ƙasa a ranar, don ƙarfe tsirara ba ya kwana.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ta tashi, ta yi tafiya, ka tabbata ba inda ke yoyo. Wanda ya fara da fenti zai zo yana kwance injin a kan sabon fenti. Tsohon fenti na wancan zamani yana iya ƙunsar dalma, saboda haka ka gurza da ruwa, ka rufe hanci, yara su yi nisa. Lokaci mafi kyau a Zariya shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fesa. Don launi, ka cire wani ƙarfe daga inda rana ba ta taɓa ba, kamar ƙarƙashin kujera, ka kai wa mai haɗa fenti ya kwaikwaya. Ni dai ra'ayina, idan fentin asali bai tafi ba sosai, a wanke a goge a bar shi. Wurin da tafin mahaifinku ya cinye a jikin libar giya, ba mai fentin da zai iya mayar maka da shi.

Sai maganar ɗora injin niƙa. Ban ce haramun ba ne. Idan ka buɗe ka tarar bulok ya tsage ko kwanrod ya fasa gefe, to injin irin Honda GX270 mai doki 9 shi ne ya fi kusa, kuma yana juyawa ɓangare ɗaya da Kohler. Amma da sharaɗi: a yanka faranti mai kauri a huda shi ya dace da ramukan shasi na asali, sabon injin ya zauna a kansa, fulinsa ya yi layi ɗaya da na da. Kada a yanka shasi, kada a yanka bonet, kada a yi walda a inda noti zai yi. A auna sandar injin ma, wasu milimita 25 ne wasu inci ɗaya, fulin ɗaya ba ya zama daram a kan ɗayan. Na ga aikin wani mai walda da ya liƙe fuli a kan karanshaf don ya huta da neman ki, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe fuli a jikin sanda. Ranar da sil ya fara yoyo sai da aka yanka sandar. Tsohon injin kuma a zuba masa mai a ajiye a ɗaki, ko da ya mutu. Injin gas ɗan China mai tukunyar ruwa a ka kuwa ban yarda da shi a kan wannan ba sam, nauyinsa da jijjigarsa za su tsattsaga shasin su kashe akasil ɗin gaba.

Gyare-gyaren da nake so su ne waɗanda za a iya cirewa a mayar yadda take: filtar fetur tsakanin tanki da kafireta, tun da wani lokaci sai an sayi na bumburutu, fis a kan babbar waya, don tsofaffin wayoyi sun bushe, soso mai ɗan mai a kan filtar iska saboda hunturu, fitila, 'yar rumfa, da ƙugiya ta jan tirela, a ƙasa da akasil ɗin baya, don idan aka ɗaura kaya a sama gaban yana ɗagawa ta kifa da mutum. Abu biyu kada ka yi ko wa ya ba ka shawara. Kada a cire gwamna ko a ɗaure shi; an yi injin ne kada ya wuce juyi 3,600 a minti, filawil na zubi idan ya wuce ƙima fashewa yake yi kamar gurneti, kuma ƙafafunka suna gefensa. Kada kuma a canza fuli don ta yi gudu a titi, birkinta na tafiyar lambu ne. Idan farantin yankan ciyawa yana nan, ka cire shi ka ajiye har sai ka saba da ita, kuma yaro ba ya hawa ko a cinya in wuƙa tana juyawa.

Kada ka sa ran za ta yi maka huɗa a lakar fadamar Galma, ba a yi ta don haka ba. Za ta ja tirelar taki zuwa lambu, ta kwaso 'yan buhunan masara daga bakin gona, ta ja jarkokin ruwa, ta share fili.

Wajen kuɗi, abin da za ka yi oda daga waje kaɗan ne: ringi ko fistin, kwanrod idan ya ci, gasket na kan silinda, kwantak da kondensa, kayan cikin kafireta, da bel biyu na fulin nan. Ka bari sai ka buɗe ka auna sannan ka haɗa su a oda ɗaya, don kuɗin aike ya fi na kayan ciwo. Boris da sil suna da lamba a jiki, ka kai tsohon Sabon Gari a ba ka irinsa. Gasket na takarda kuwa da kanka za ka yanka, ka ɗora takardar a kan ƙarfen ka bi gefen da ƙaramar guduma.

Wannan Asabar ɗin ka turo ta waje, ka ɗauki hotuna, ka tsiyaye mai, ka zuba kananzir a ramin fulogi. Ka turo mini lambobin farantan nan biyu da hoton man a cikin kwano, ka kuma gaya mini ko filawil ya motsa, daga nan sai mu san ko za a buɗe injin ko kwantak da kafireta kawai za a taɓa.